Yadda Ake Sayen Kwale-kwale na Hannu, a Toshe Yoyonsa, a Kuma Riƙe Shi a Zariya

Zariya ba garin ruwa ba ne kamar Yawuri ko Lokoja, amma duk wanda yake zuwa bakin Galma ya san akwai masu kwale-kwale: masunta, masu fito, manoman rani da ke tsallakar da tumatir da albasa, sai 'yan tsirarun da suke shiga ruwa don shan iska kawai. Sabon jirgi sai an yi oda daga garuruwan masassaƙa, kuɗin motar da za ta kawo shi kuwa ya isa ya sa mutum ya fasa. Shi ya sa yawancin masu farawa na hannu suke saya, kuma na hannun da ba ya yoyo da wuya ka same shi.

Abu ɗaya za ka riƙe kafin komai. Katako yana shan ruwa ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma ta faɗinsa yake wannan motsi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Ka ga ƙofar katako da take cijewa a watan Agusta, sannan ta riƙa lilo a Janairu har kana hango tsakar gida ta gefenta? Haka allunan jirgi suke yi. A nan Zariya, inda hunturu ke busar da komai ƙayau, jiragen da rana da iska suka kashe a tudu sun fi waɗanda ruwa ya ci yawa. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan suka ginu.

Kayan da za ka tanada

- Guduma, zarto, filaya, da tsohuwar sukundireba mai faɗin baki wadda aka dakusar da kaifinta
- Wani ƙarfe mai nauyi na tokare ƙusa, ko kan gatari ma ya yi
- Buroshin waya, sanfefa mai kaushi, da abin kankara
- Ƙusoshi masu rufin tutiya, irin waɗanda ba sa saurin tsatsa: inci biyu zuwa uku na alluna, da ƙanana na langa-langa
- Auduga, ko tsohon zanen atamfa na auduga zalla da aka yayyaga siri-siri
- Kwalta, tsohuwar tukunyar ƙarfe ko rabin gwangwani babba, da ludayin ƙarfe mai dogon hannu
- Langa-langa ko guntayen kwanon rufi da aka yanka faɗin yatsu uku
- Katakon faci: maɗaci, kawo ko loko
- Fentin mai, alli ko gawayi
- Safar hannu mai kauri, takalmi rufaffe, bokitin yashi
- Filafili biyu, gora doguwa, igiya, kaca da kwaɗo, jarkar da aka yanke ta kwarfar ruwa, jarkoki masu murfi, da rigar kariya daga nutsewa ga kowane mai shiga

Katako da ƙusa za ka samu a 'Yan Katako da ke Sabon Gari. Kada mai shago ya lallaɓe ka da farin katako mai araha irin na silin ko na akwati. Yana da sauƙin aiki, amma damina ɗaya ta ishe shi.

1. Nemi ruwan kafin ka nemi jirgin

Ruwa yana da masu shi. Dam ɗin Jami'ar Ahmadu Bello da ke kan Kubanni a Samaru ruwan shan jami'a ne, dam ɗin Zariya da ke kan Galma kuma daga shi ake tace ruwan gari, don haka ba wuraren da mutum zai jefa jirgi kai tsaye ba ne. Je wurin masu kula da wurin ka tambaya, in sun ce a'a ka haƙura. A bakin kogi kuwa ka nemi Sarkin Ruwa ko dattijon masuntan mashigin, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Baba, ina so in ajiye ɗan jirgi a nan, ina ne ba zan takura wa kowa ba?" Shi zai nuna maka inda ake kafa taru, inda duwatsu suke a ɓoye, da inda ruwa ke juyawa. Kuma jirgin da Sarkin Ruwa ya san mai shi ba ya saurin ɓata.

2. Duba jirgin a tudu, a kife

Kada ka yarda a nuna maka jirgi yana kan ruwa kawai. Jirgin da ya daɗe a jiƙe allunansa sun kumbura sun rufe aibinsa. A jawo shi waje, a kife shi, a bar shi ya tsane.

Fara da tsayawa ta goshinsa ka runtse ido ɗaya ka dubi tsawonsa. In ya murɗe, gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, juya ka tafi abinka. Murɗaɗɗen jirgi kullum gefe yake ja, kuma babu kafintan da zai miƙe maka shi da kuɗi kaɗan.

Sai ka ɗauki sukundireba ka bi katakon kana dannawa. Lafiyayye zai ƙi, ruɓaɓɓe zai karɓe ta kamar ba komai. Wuraren da ruɓa take fara kamawa su ne inda ƙasan jirgin ya haɗu da gefe, ƙarƙashin katakan da ke gicciye a ciki waɗanda muke kira haƙarƙari, lungun goshi da na baya inda laka ke taruwa, da ƙarƙashin benci. Ka ƙwanƙwasa da guduma a hankali kana saurare: katako mai rai yana amsawa da ƙara, mataccen kuwa shiru-shiru yake. Baƙin zobe a kewayen kan ƙusa alama ce tsatsa ta ci ƙusar har ta fara cin katakon. Ƙananan ramuka masu zubar da gari aikin ƙwaro ne, hanyar ƙasa mai bin allo kuma gara ce, wato jirgin ya daɗe zaune a tudu.

A ganina allo ɗaya ko biyu da suka lalace ba abin fasa ciniki ba ne, abin rage kuɗi ne. Amma in haƙarƙari uku ko fiye sun ruɓe, ko kuwa jirgin ya sha kwalta lafta-lafta sabuwa fil a ranar da za ka zo dubawa, ka yi hattara. Mai sayarwa ba ya kashe kuɗin kwalta don yana ƙaunarka.

3. Ciniki

A yi shi gaban shaidu biyu daga mutanen mashigin, a rubuta 'yar takarda mai ɗauke da tsawon jirgin, alamarsa da kuɗinsa, a biya la'ada in da dillali. Dalili shi ne ambaliya takan kwashe jirage ta kai su nesa, wani ya tsinta ya sayar, bayan wata biyu mai shi ya bayyana. Tambayi ko filafili da gora suna cikin kuɗin.

4. Wanke, busarwa da kankara

Kai jirgin nesa da bakin ruwa, ƙarƙashin inuwa, ka ɗora shi a kife kan tayoyi ko duwatsu don iska ta ratsa. Wanke laka da gansakuka da buroshi. Bar shi ya sha iska har saman katakon ya bushe, domin kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen katako. Kwana uku zuwa biyar sun isa a lokacin rani. Kada ka kai shi rana don ka yi sauri, tsagewa zai yi.

Kankare tsohuwar kwaltar da ta ɗaɗɗago, ka zaƙulo tsohon tsumman da ke cikin haɗin alluna. Wadda ta kama gam ka ƙyale ta. Da rana tsaka ka shiga ƙarƙashin jirgin ka duba sama: duk inda haske ya ratso, sa wani a waje ya zagaye wurin da alli.

5. Katako da ƙusa

Ruɓaɓɓen wuri ba a rufe shi, yanke shi ake yi. Yanka har ka shiga lafiyayyen katako da kamar faɗin tafin hannu, kuma ka yi ƙoƙari bakin yankan ya faɗa kan haƙarƙari don facin ya sami abin kamawa. In bai faɗa ba, sa wani guntun katako ta ciki ya haɗe tsoho da sabo, ka shafa kwalta a tsakaninsu kafin ka buga.

Maɗaci da kawo suna da tauri, ƙusa takan tsaga su musamman kusa da baki. Huda ramin da ya ɗan fi ƙusar siranta tukuna. In babu abin hudawa, kifa ƙusar ka ɗan daki tsininta da guduma ya dakushe. Ƙusa mai dakushin baki tana yanka hanyarta ne maimakon ta raba katakon. Bari tsinin ya ɓullo ta ciki, abokin aikinka ya tokare kan ƙusar da ƙarfe mai nauyi, kai kuma ka lanƙwasa tsinin ya koma cikin katako, a gicciye da layin itacen. Ƙusar da aka lanƙwasa haka ba ta zarewa ko allo ya motsa. Tsohuwar ƙusa mai tsatsa a zare ta in za ta fito, a toshe raminta da ɗan tsinken katako da aka tsoma a kwalta, a buga sabuwa a gefe.

6. Cusa auduga

Nan ne aikin yake, kuma nan ne sababbin hannu suke ɓata jirgi.

Murza audugar ta zama kamar igiya sako-sako, kaurin ɗan yatsa ko ƙasa da haka, gwargwadon faɗin tsagar. Ɗora ta a bakin haɗin, ka riƙa tura ta da dakusasshiyar sukundirebar kana bugawa da guduma a hankali. Fara daga goshi ka nufi baya, layi ɗaya a lokaci ɗaya, kuma kada ka gama gefe ɗaya kaf kafin ka taɓa ɗayan: yi layi a dama, yi takwaransa a hagu, don kada matsin ya karkatar da jirgin. Audugar ta nutse ta bar ɗan kwari a sama wanda kwalta za ta zauna a ciki.

Kuskuren da aka fi yi shi ne dannawa da ƙarfi har tsagar ta cika tam. Ka tuna a bushe jirgin yake. Da ya shiga ruwa alluna za su kumbura su matso juna, ita ma audugar ta kumbura. In ba ka bar musu wuri ba, ƙarfin kumburin zai tura alluna ya zare ƙusoshi, ko ya bankaro allo ɗaya waje, sai ka wayi gari da yoyon da ya fi na da. Ma'aunina shi ne: in ka danna audugar da sukundireba da hannu kawai, ta ɗan ba da kai amma ba ta zurma ciki ba, ta yi. In aikin ya faɗo a tsakiyar hunturu, lokacin da tsagogi suka fi buɗewa, ka ƙara sassautawa. Tsagar da ba ta wuce kaurin farce ba ma kada ka sa mata komai sai kwalta, ruwa zai rufe ta da kansa.

Tsagar da ɗan yatsa ke shiga ta fi ƙarfin auduga. Fere siririn katako ka shafe shi da kwalta ka cusa, sannan ka bi gefensa da auduga. Leda, soson katifa da yadin roba ba sa shan ruwa su kumbura, don haka ba sa maye gurbin auduga. In babu ita, zaren buhun algarara ya fi su.

7. Kwalta da langa-langa

Narka kwalta a fili, nesa da ɗaki da yara da busasshiyar ciyawa, kan wuta marar ƙarfi. Kada tukunyar ta wuce rabi. Zafin narkakkiyar kwalta ya fi na tafasasshen ruwa nesa ba kusa ba, ɗigon ruwa ɗaya a cikinta zai sa ta yi tsartuwa ta fallatsu, don haka tukunya da ludayi su bushe sarai. In ta kama da wuta a rufe ta da faranti ko a zuba yashi, ba ruwa ba. In kana son ka tsinka ta da ɗan kananzir, sauke ta ka yi nesa da wutar, ka bari ta ɗan huce tukuna. Fetur kuwa kada ya zo kusa. Wanda ta zuba wa a jiki a yi ta kwarara wa wurin ruwan sanyi na kamar minti 20, kada a ɓanɓare ta, a kai shi asibiti.

Zuba ta da ludayi a kan kowane layi, siririya, ta cika kwarin da ka bari. A haɗin ƙasa da gefe, da duk inda ka yi faci, shimfiɗa tsirin ƙyalle a kan kwaltar tun tana da ɗumi, ka ɗora langa-langa, ka bi gefunansa biyu da ƙananan ƙusoshi kusa-kusa, tazarar yatsu biyu. Danne bakin ƙarfen da guduma ya kwanta, in ba haka ba zai yanki ƙafa ko ya yaga taru. Sai ka sake bi da kwalta a sama. Ƙasan jirgin ta waje duka ya sami shafi ɗaya marar kauri. Mai kauri tsagewa yake da sanyi, ya narke da zafi. Ciki da saman gefuna fentin mai ya fi, kuma mai haske, domin cikin jirgi in baƙi ne yana ɗaukar zafin da ba ka iya taka shi da azahar.

In kwaltar narkawa ta gagara, akwai ta gwangwani da ake toshe yoyon rufin kwano da ita, ana shafa ta a sanyi, sai dai tana son kwana biyu ko fiye kafin ta bushe. Gam mai haɗi biyu irin Araldite, in aka cuɗa shi da dusar katako, yana toshe ramin ƙusa da kyau, amma ba ya kama wurin da kwalta ko danshi ya taɓa, kuma bai dace da dogon haɗi ba tunda ba ya motsi tare da allo. Wasu suna shafe jirgi da baƙin man inji wai don ƙwaro. Ni ban yarda da shi ba: ruwan nan shi mutane suke sha, shi kifi yake ciki.

8. Jiƙa shi

Washegari, ko bayan ta bushe in kwaltar gwangwani ce, a kai shi ruwa marar zurfi, a ɗaure. Zai sha ruwa, kada hankalinka ya tashi. Bar shi kwana biyu ko uku, ka kwarfe, ka goge cikin da tsumma, ka zauna ka zuba ido. Inda ruwa ke tsattsafowa kaɗan-kaɗan yawanci zai rufe nan da wasu kwanaki. Inda yake ɓulɓulowa ka yi masa alama, a fitar a gyara wurin kaɗai.

Ka rage tsayuwa cikin kwantaccen ruwa mai ciyayi, can ne katantanwar da ke ɗauke da tsargiya take. Takalmin roba dogo yana taimakawa, wanda kuma ya ga jini a fitsarinsa ya je a duba shi.

9. Auna abin da zai iya ɗauka

Kada ka gwada jirgi da mutane. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka mai lita 25 a cike kilo 25 ce da ɗan ɗoriya, uku sun kai nauyin babban mutum. A ruwan da bai wuce gwiwa ba, riƙa jera cikakkun jarkoki a tsakiyar jirgin kana duba gefe. Da tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin jirgi, a wurin da ya fi ƙasa, ta ragu zuwa ɗani ɗaya da rabi, tsaya. Ja layi da jan fenti daidai inda ruwan ya tsaya, ka ƙirga jarkokin, ka rubuta adadin mutanen a jikin jirgin. Ranar da wani zai ce maka, "Haba malam, yaro ne fa, ba shi da nauyi," layin ne zai amsa masa. Mutanen Kano ba su manta da jirgin da ya kife a Ɓagwai a ƙarshen Nuwambar 2021 ba, ɗauke da ɗaliban Islamiyya daga ƙauyen Badau, kuma lodi fiye da kima aka ɗora wa laifin.

Daga nan juye ruwan jarkoki biyu ko huɗu, ka rufe su gam, ka ɗaure su ƙarƙashin benci a goshi da baya. Kowace za ta riƙe kusan kilo 25 a saman ruwa in jirgin ya cika. Ɗaurin ya zama na gaske, jarkar da ta kuɓuce ba ta da amfani.

10. Fitar farko

Da safe, ruwa kwance, tare da wanda ya iya. Kowa ya sa rigarsa ta kariya daga nutsewa ya ɗaure ta tun a tudu. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwan cikin gida, wadda hedikwatarta ke Lokoja, ta wajabta rigar kuma ta hana tafiyar dare, ko da babu jami'inta a mashiginku dokar ta hankali ce. Shiga ta tsakiya a sunkuye, hannu biyu a gefuna, a zauna ƙasa-ƙasa. Ba a miƙewa tsaye, ba a musayar wuri a tsakiyar ruwa. Ruwan da ya taru a ciki a kwarfe shi nan take, domin yana gudu zuwa gefen da jirgi ya karkata ya ƙara masa karkata. Igiyar ruwa a tare ta da goshi, kada a ba ta gefe. Kusa da bangon dam, musamman inda ruwa ke malala, ba wurin zuwa ba ne ko da wasa.

Da damina idonka ya riƙa komawa gabas. Daga can hadarinmu yake tasowa, iskarsa kuma takan riga ruwan isowa. Da ka ga gabas ta haɗe, nufi gaɓar da ta fi kusa, ba lallai wadda ka fito ba. In jirgi ya kife, a riƙe shi. Katako ba ya saurin nutsewa, kuma daga nesa an fi hango jirgi a kan kan mutum.

11. In kana sha'awar tuƙi da iska

Jiragen tsere masu ƙyallen kama iska irin na kulob ɗin jiragen ruwa na Legas suna iya tafiya a karkace suna fuskantar iska saboda dogon allon da ke ƙarƙashinsu yana hana su zamewa gefe. Kwale-kwalenmu shafaffen ƙasa gare shi, sai dai iska ta turo shi daga baya. Ko tseren Rigata na Yawuri da na bikin Argungu da ƙarfin damtse ake yin su. Duk da haka ƙaramin ƙyalle yana da daɗi. Kafa gorar da ba ta wuce mita biyu ba a ramin da ka huda a bencin gaba, gindinta ya zauna cikin wani katako a ƙasa, ka ɗaura mata ƙyallen tamfol mai kusurwa uku wanda bai fi zanen ɗaurawa girma ba. Igiyar kusurwar da ta rage a hannunka za ta zauna, kada ka taɓa ɗaure ta: iska ta yi ƙarfi, ka saki. Filafili a baya shi ne sitiyari. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka fara tuƙawa da hannu ka nufi inda take fitowa, ka dawo da ƙyalle. Wanda ya yi akasin haka zai dawo da filafili a gajiye, iska tana tura shi baya.

12. Riƙonsa a shekara

Jirgin da ake aiki da shi ya zauna a ruwa, a ɗaure da kaca, a inuwa in akwai. Kwarfe ruwan sama bayan kowane ruwa, ka kwashe laka da ganye daga lunguna. Daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da Galma ke cika, ɗaure shi a turke mai ƙarfi can sama da inda ruwa ya saba kaiwa, ka bar wa igiyar sarari don ta bi tashin ruwan. Gajeriyar igiya takan danne goshin jirgi ta nutsar da shi cikin dare ɗaya.

In dole ya fito tudu da rani, a kife shi kan tayoyi, kada ya taɓa ƙasa saboda gara, a rufe shi da zana ko buhuna maimakon baƙar leda mai tara zafi, a riƙa watsa masa ruwa duk bayan kwana biyu ko uku har hunturu ya wuce. Babban gyara kuma a yi shi a Afrilu, kafin ruwan farko: a bi ƙusoshi da haɗe-haɗe da sukundireba kamar ranar saye, a sabunta kwaltar ƙasa, a sake ja jan layin in ya dushe.